Ranar da Sissot Walker Ta Yi Famfara

"Inna, wai fitsarin Fada ne ya fi kyau ko namu?"

Sissot ce ta yi tambayar, da muryar nan tata da ba ta san ƙasa-ƙasa ba, a bakin ƙofar cocin Birkrod ranar Lahadi, daidai lokacin da jama'a ke fitowa. Fada Osbert kuwa yana tsaye taku biyu daga inda suke, yana sa wa tsofaffi albarka. Uwarta Annot ta damƙi hannunta ta matse.

"Kaka ce ta ce nasa ya fi ƙarfi," yarinyar ta ƙara, don kada a yi mata mummunar fahimta. "Wai saboda yana cin nama."

Maza suka kwashe da dariya, mata suka sa bakin mayafi suka rufe baki. Shi Fada bai ji haushi ba. Ya sunkuyo ya dafa kan yarinyar ya ce, "Ki gaya wa kakarki na gode da yabo. Tulun ma ya cika tun shekaranjiya, a zo a ɗauka. Sissot Walker, bakinki ya girme ki."

Dariyar ba ta dami Annot ba, shekara takwas ke nan ana yi mata ita. Sunan ne ya dame ta. Sissot Walker. Yarinyar da ba ta cika shekara bakwai ba, wadda ƙafarta ba ta taɓa taɓa ruwan komin tattaka yadi ba.

A kwarin kogin Calder, shekara talatin bayan babbar annobar da ta ratsa Ingila, kowane ƙauyen da ake saƙar ulu yana da gida guda da ake ce wa gidan Walker, wato masu tattaka yadi. Yadin ulu in ya sauko daga masaƙa maiƙo ne da shi, ga shi sakwa-sakwa, iska tana ratsa shi. Sai an jiƙa shi an tattaka da ƙafa wuni guda kafin maiƙon ya fita, zaren ya haɗe, ya zama abin da zai tare sanyi. Abin da ke cire maiƙon kuma ba komai ba ne illa fitsarin mutane, wanda aka tara a ganga aka rufe ya yi sati biyu, aka dama shi da farar laka. Saboda haka kowane gida a Birkrod yana da tulu a bayan ƙofa, Gamel mijin Annot kuma yana tura amalanke gida-gida yana juyewa.

Annot 'yar makiyayin tumaki ce daga kan tudu, inda iska ba ta ɗauke da komai sai ƙamshin ciyawa. Da za ta yi aure an ce mata sati biyu zai ishe ta ta saba da zarnin. Ba ta saba ba. Yana cikin burodi, yana cikin man shanu, yana cikin gashin 'yarta ko da yanzu ta wanke shi. Sau ɗaya ta taɓa shiga komin, tana amarya, ta yi taku uku ta kwara amai a kan yadin mutane. Tun daga ranar surukarta Hawis ta hana ta. Aikinta ya zama girki da kaɗi da shanya yadi a jikin sanduna masu ƙugiya, kuma har zuciyarta ta gode wa aman nan.

A hanyar komawa gida ta durƙusa a gaban yarinyar.

"Buɗe bakinki in gani."

Sissot ta wage baki. Haƙorin ƙasa na gaba, wanda ya fara girgiɗi tun satin da ya wuce, ya ƙara karkacewa.

"Kin taɓa shi?"

"Da harshe kawai."

"Harshen ma na hana."

Abin da ya sa take gadin haƙorin nan shi ne, a gidan su Gamel ba a ƙirga shekarun yaro. Ranar da ya yi famfara, haƙorin farko ya faɗi, ranar ake naɗe masa riga zuwa gwiwa a sa shi a komi. Haka aka yi wa Gamel, haka aka yi wa ubansa. Kuma ba al'ada ce kawai ba, akwai buƙata. Yadi mai kauri na talaka Gamel ke taka shi, amma siririn yadin attajirai nauyin namiji yana ɓata shi, wani wuri ya cure wani wuri ya sake. Sai ƙafa marar nauyi. Hawis gwiwoyinta sun ƙi, 'yar maƙwabtan da ke yi musu kuma ta yi aure da bazara ta bar garin. Duk gidan ido ya koma kan bakin Sissot.

Sun tarar da Hawis a tsakar gida tsakanin gangunan, ta buɗe murfin guda tana dubawa. Tsohuwa ce gajera mai faɗin kafaɗa, ba ta sa takalmi ko da dusar ƙanƙara, don babu takalmin da ke shiga ƙafarta. Ta kawar da kumfar da ta taru a sama da gefen hannu, ta tsoma yatsa, ta ɗora a kan harshe, ta ɗan yi shiru kamar mai ɗanɗana miya. Annot ta juyar da kai, yawu ya cika mata baki.

"Saura kwana uku ya nuna," in ji Hawis. "Kuma matar maƙeri ciki ne da ita, ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba. Ke 'yar ɓera, zo nan, na ajiye miki abu."

Ta sa hannun nan, hannun da ta tsoma, cikin aljihun zanenta ta fito da tuffa ɗanya, koriya shar, mai taurin dutse.

"Iya, ba za ta ci ba," in ji Annot. "Na dama mata kunun sha'ir."

"Kunu da safe, kunu da rana, kunu da yamma. Jaririya kika mai da ta? Yaro da haƙori ai sai ya ci abu mai tauri."

"Cikinta ke ciwo."

"Cikinki ke ciwo, Inna ta ce," Hawis ta dubi jikarta. "Haka ne, 'yar ɓera?"

"A'a," in ji Sissot.

Annot ta karɓe tuffar ta jefa wa alade. Tsohuwar ta mai da murfin ganga, ta yi murmushin wanda ya san bishiyar tuffa tana nan a bayan gida, reshenta har ƙasa.

Da yamma, kafin rana ta faɗi, Annot ta zaunar da Gamel a kan kututture tana shafa masa kitsen tunkiya a ƙafa, kamar yadda take yi kullum. Fatar ta yi fari fat, ta kumbura kamar burodin da ya kwana a ruwa. Duddugen ya tsattsage, tsagar tana buɗe baki in ya taka. Tsakanin yatsun kuma ɗanyen nama ne ja, mai fitar da ruwa. Farce babu ko ɗaya, sai wasu 'yan dunƙulallun abubuwa masu launin ƙaho. Mutum ne mai haƙuri, ba ya ko motsi in ta danna.

"Ka yi wa Iya magana," ta ce.

"In ce mata me?"

"Ka ce 'yarka ba za ta shiga ba."

Ya dubi kogi. "Ni ma haka na shiga, Annot. Ga ni kuma, ban mutu ba."

"Ellot fa?"

Ellot ƙanwarsa ce. Ta shiga komi tana da shekara shida, da ɗan karcen ƙaya a ƙafa. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, ta yi baƙi, aka binne ta kafin girbi.

"Iya ta ce zazzaɓi ne."

"Zazzaɓin da ya fara daga yatsan ƙafa."

"To ya kike so in yi? Kowa a garin nan ya san ta da 'yar Walker. Ko ta shiga ko ba ta shiga ba, wa zai ɗauke ta wani aiki?"

"Suna ai aiki yake bi," in ji Annot, tana dirza kitsen da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. "Babana da yana kiwo Adam Makiyayi ake ce masa. Da ya koma gidan bakin gada aka koma ce masa Adam na Gada. Yanzu da ido ɗaya ya mutu, ka san abin da ake ce masa. In ba ta taka ba, sunan zai gaji ya sake ta. In ta iya kaɗi a kira ta da kaɗi, in ta iya burodi a kira ta da burodi. Amma ranar da ta sa ƙafa a ruwan nan, shi ke nan, ya kama ta har kabari."

Haka ta yi imani, kuma ba ita kaɗai ba. Duk wanda ya tashi a kan tudu ya ga sunan mutum ya sauya sau biyu sau uku kafin ya mutu.

Litinin ta wuce, Talata ta wuce. Annot ta hana yarinyar ɓawon burodi, ta hana ta wasan guje-guje, har cokali ta koya mata sa wa ta gefen baki. Ran Laraba ta kama ta a bayan gida tana tura haƙorin da babban yatsa, ta buge hannun.

"Ni ina so ya fita," in ji Sissot, ido ya kawo ruwa. "Kaka ta ce ranar za a soya min ƙwai biyu, kuma ni kaɗai zan taka yadin masu kuɗi, Baba ma bai isa ba."

Wannan ya fi komai tayar wa Annot da hankali. Ashe an riga an shiga kan yarinyar, ta ɗauki abin kamar ranar biki.

Ran Alhamis da hantsi Annot tana can gangare tana ja da wani yadi a kan ƙugiyoyi, sai ta ji shewar Hawis. Ta saki yadin ta hau da gudu. Sissot na tsaye a gindin bishiya, jini kaɗan a leɓe, giɓi a baki, tana dariya. A hannunta tuffa ce da aka gatsa sau ɗaya, ɗan farin haƙorin yana tsaye a ciki.

"Da kanta ta tsinka," in ji Hawis. "Ni ban ba ta ba, ki tambaye ta."

Kafin rana ta take, an cika ƙaramin komin. Komin itace ne irin na shayar da shanu amma ya fi zurfi, da sanda a gicciye a sama ta riƙewa. Gamel ya juye ganga biyu a ciki, Hawis ta zuba laka ta motsa da itace. Zarnin ya tashi ya cika tsakar gidan, irin wanda ba a hanci yake tsayawa ba, ido yake shiga ya sa hawaye. Ƙudaje suka sauka a bakin komin suka jeru. An aiko tun jiya cewa sabon mai sayen yadi daga Wakefield zai iso yau da siririn yadi, Hawis kuwa ta ce ba a taɓa samun haƙorin da ya san lokaci kamar wannan ba.

Ta naɗe wa Sissot riga zuwa gwiwa ta ɗaure da igiya. Annot ta durƙusa ta ɗaga ƙafar yarinyar. Tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi akwai yanka, ɗan siriri, na karan sha'ir da ta taka a gona.

"Iya, dubi nan."

Hawis ta leƙa. "Wannan? Ai komin ne maganinsa. Zai ɗan yi zafi, ya ƙone shi, gobe ya bushe."

"Haka kika ce wa Ellot?"

Gamel ya sunkuyar da kai. Fuskar tsohuwar ta ɗaure.

"Kada ki ƙara kama sunan 'yata a gidan nan. Ke me kika sani? Shekara takwas kina cin abincin da komin nan ya kawo, kina toshe hanci. Yarinyar nan Walker ce. Fada ya faɗa, gari ya faɗa. Mai sunan shi ke shiga ruwan, tun kakannin kakanni."

"Ba Walker ba ce sai ta taka."

"To yau za ta zama."

Suna cikin haka doki ya tsaya a bakin shinge. Mutumin da ya sauko zai yi shekara arba'in, da alkyabba shuɗiya da takalmin fata mai laushi har ƙwauri. Tun kafin ya shigo ya ciro ƙyalle da aka jiƙa da ruwan tsami ya danne hanci da shi, ta cikin ƙyallen yake magana.

"Nan ne gidan Gamel? Kai, ko da ban tambaya ba. Tun daga gada dokina ya fara atishawa."

"Nan ne, ranka ya daɗe," in ji Gamel, ya je ya sauke ƙunshin yadin. "Wa za mu ce ya kawo?"

"Jordan Walker, na Wakefield."

Hawis ta saki igiyar rigar yarinyar ta miƙe, fuska ta washe. "Ashe namu ne. Sannu da zuwa, ɗana. A wane kogi kuke takawa? Wa ya haife ka? In dai a kwarin nan ne na san ubanka." Idonta ya sauka kan takalminsa, ta ɗan yi turus. "Yaya aka yi ƙafarka ta shiga wannan?"

Mutumin ya ja baya kaɗan. "Iya, ni ban taɓa taka komai ba sai ƙasa. Kakana ne ya yi wannan aikin, Allah ya ji ƙansa, an ce har ya mutu karnuka na bin sa. Ubana sayar da yadi ya yi, ni ma haka."

"To me ya sa ake kiran ka da sunan?" Annot ce ta tambaya. Ba ta saba sa baki a maganar baƙi ba, amma ta fito da kanta.

"Ki tambayi masu kira. Na yi ƙoƙarin yar da shi, na ce a ce min Jordan Mai Yadi, babu wanda ya kula. Malamin coci ya rubuta ubana da shi, ya rubuta ni da shi, ya rubuta 'ya'yana. Da can ne suna ke sauyawa, yanzu ya daina, inda ya sami mutum nan yake zama." Ya gyara ƙyallen. "Kuma kada ki ɗauka ni kaɗai ne. A Wakefield gida bakwai ne. Ɗaya mai gashin burodi, ɗaya mai kifi, ɗaya ma shi ke kaɗa ƙararrawar coci, a cikinsu mutum ɗaya ne ya san yadda komi yake. A York kuwa ki tsaya a kasuwa ki kira sunan, sai kin rasa wanda za ki amsa wa. Duk inda akwai kogi da tumaki akwai mu. Can kudu Fuller suke cewa, can yamma mai nisa Tucker, amma ganga ɗaya ce ta haife mu duka."

Ashe duk gadin haƙorin nan, duk kunun nan, ba za su cire wa 'yarta sunan ba. Ko ta auri mai kaɗa ƙararrawa, ko ta kwana a kan gadon gashin tsuntsu, za a ci gaba da kiran zuriyar gidan nan da sunan fitsarin Birkrod, jikoki da tattaɓa kunne da ba su taɓa jin warinsa ba. Ta dubi tsohuwar, ta ga ita ma bakinta a sake yake, kamar wadda aka ce mata ga kare yana karatu.

Sai Annot ta dubi takalmin baƙon.

"Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri da tambayata. Farcen ƙafarka nawa?"

"Me?"

"Farce. Nawa ne?"

Ya dubi Gamel, kamar yana neman a gaya masa ko matar tana da lafiya. "Goma mana. Nawa ake yi?"

Annot ta juya ga surukarta. "Kin ji, Iya. Ga Walker da farce goma. Sunan bai sa shi a ruwa ba. Ashe ba sunan ke sa mutum a ruwa ba, mutane ne."

Da Hawis ta buɗe baki muryarta ta sauka, babu faɗa a ciki.

"Na ji. Farcensa goma, Allah ya ƙara masa. Yadin fa? Ga shi can a hannun mijinki. Wa zai taka? Ni da gwiwar nan? Ko Gamel, ya cure shi ya zama shimfiɗar jaki? Sanyi na zuwa, 'yata. Farcen baƙo za mu dafa?"

"Ni dai ba ruwana da wanda zai taka," in ji Jordan Walker, yana duban rana. "Ƙafa marar nauyi nake so. Injin ruwa da aka kafa can saman kogi yana yaga siririn yadi da gudumominsa, shi ya sa na zo nan. In babu, akwai wani Walker a bayan tudun can, an ce 'ya'yansa mata huɗu."

Sissot ta riga ta kama bakin komin da hannu biyu tana neman ɗaga ƙafa, ƙafar mai yankan.

Annot ta sa hannu ta ɗauke ta cak, ta ajiye ta a kan kututture nesa da komin. Ta kwance igiyar, ta sauke mata riga. Sannan ta zauna a ƙasa ta fara kwance igiyar takalminta.

"Ke?" in ji Hawis. "Ke da kika yi taku uku?"

"Ban kai buhun ulu nauyi ba, ke kike faɗa kullum. Zan ɓata shi?"

Tsohuwar ta auna ta da ido daga sama har ƙasa, kamar yadda take auna ganga. "Nauyinki zai yi. Cikinki ne ban yarda da shi ba. In kika yi amai a yadin nan, na rantse da kabarin mijina, ita za ta ƙarasa."

"In ban yi ba kuma, ba ta shiga. Ba yau ba, ba gobe ba. Muddin ina iya tsayawa."

"Muddin kina iya tsayawa," in ji Hawis.

Sissot ta fashe da kuka, ta ce ranarta ce, haƙorinta ne, Inna ta ƙwace mata. Annot ba ta lallashe ta ba. Ta ce wa Gamel ya kai ta bakin kogi ya wanke yankan da ruwa mai gudu, ya ɗaure da tsumma mai tsabta, ba na tsakar gida ba, na cikin akwati. Ya ɗauki yarinyar ya tafi, tana dukan kafaɗarsa.

Aka warware yadin aka nutsa shi. Annot ta kama sandar ta sa ƙafar dama.

Ta ɗauka sanyi za ta ji. Ɗumi ta ji, ɗumin abin da ya daɗe a rufe yana ruɓa, da santsi kamar majina. Lakar ta kutsa tsakanin yatsunta. Kumfar saman ta manne mata a ƙwauri ta yi zobe. Ta sa ta hagu, nan take wata 'yar tsaga a duddugenta, wadda ba ta ma san da ita ba, ta ɗauki zafi kamar an sa garwashi. Da ta taka, iska ta fito daga ƙarƙashin yadin ta fashe a sama, tururin ya daki fuskarta. Idonta ya rufe da hawaye. Kunun safe ya hau har maƙogwaro, ta ji ɗacinsa a bayan harshe. Ta datse haƙora ta haɗiye shi. Ya sake hawa, ta sake haɗiyewa.

"Ta baki za ki yi numfashi, sakarya, ba ta hanci ba," in ji Hawis. "Dudduge tukuna, sannan yatsu. Kada ki yi tsalle, ba rawa ba ce. Juya. Tura gefen can da ƙafa, ya naɗe."

Ta baki ya fi muni, don ta baki ɗanɗano ne. Amma ya tsayar da aman. Dudduge, yatsu, juya. Jordan Walker ya ce zai dawo ran Asabar, ya hau dokinsa da sauri, bai cire ƙyallen ba har ya wuce gada. Ƙuda ya sauka a leɓenta, ba ta da hannun kora, ta hura shi. A cikin ruwan nan akwai maƙeri da matarsa, akwai mai giya, akwai tsohon nan mai tari da ke kwana a bayan coci, ta san su duka, tana gaishe su kullum. Ta daina tunaninsu ta koma ƙirga taku. Da ƙirgar ta ɓace mata ta sake farawa.

Sau biyu aka sauya ruwan. Rana ta karkata, inuwar gangunan ta kai bakin shinge, kafin Hawis ta sunkuya ta kama gefen yadin ta murza tsakanin yatsu, ta ɗaga shi ga haske.

"Ya haɗe," ta ce. "Ba laifi."

Annot ta fito, ta taka a hankali har bayan gida inda babu yadin kowa, ta durƙusa ta amayar da duk abin da ta riƙe tun rana tsaka. Sannan ta gangara kogi ta zauna a kan dutse, ƙafa a cikin ruwa, har ta daina jin su.

Dudduge ya kumbura, ta yi kwana tara tana ɗingishi, sannan ta warke. Kafin Kirsimeti farce uku sun fita, kafin bazara ta daina ƙirgawa. Da yamma ita da Gamel suke zama a kututture ɗaya, kwanon kitse a tsakaninsu. Har yau ba ta saba da zarnin ba, kuma ta daina jiran ta saba. Sissot ta yi sati ba ta yi mata magana, daga baya ta manta. Tana koyon kaɗi wurin matar maƙeri, da takalmi a ƙafarta, kuma duk garin Sissot Walker suke ce mata. Annot ta bar musu.

Ke uwa da kike karanta wannan, in akwai wani aiki a gidan da kike wanda ake jiran ɗanki ya girma ya shiga, kada ki ɓata ƙarfinki kan abin da ake kiran sa, ba za ki ci wannan faɗan ba. Ki je ki dubi jikin waɗanda suka shekara ashirin suna yi, ki duba da kyau, har tsakanin yatsu. Kuma kada ki jira sai an cika komi an naɗe wa yaro riga sannan ki buɗe baki, domin in kin bari ya kai nan, dole sai wata ƙafa ta shiga ruwan, kuma biyu ne kawai a tsakar gidan da za su yi: tasa da taki.